Yaushe Kawun Zai Cuce Shi?

Makon jiya, bayan sallar isha'i, muka zauna ni da wani abokina muna kallon wani fim na Amurka a kwamfutarsa. Sunan fim ɗin C'mon C'mon, ya fito a 2021, Mike Mills ne ya rubuta shi ya kuma ba da umarni. Labarin ba shi da wani rassa. Wani ma'aikacin rediyo ne, ba mata ba ɗa, yana yawo birni-birni yana hira da yara a kan yadda suke hango gobensu. Sai 'yar'uwarsa, wadda suka daɗe ba sa shiri tun bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta nemi ya riƙe mata ɗanta mai shekara tara, don ta je ta kula da uban yaron da larurar ƙwaƙwalwa ta tasar wa. Riƙon kwana kaɗan ya zama na makonni, ya ɗauki yaron daga Los Angeles ya tafi da shi New York, daga can suka wuce New Orleans.

Mun ci kusan rabin fim ɗin sai abokina ya gyara zama ya ce, "To wai yaushe kawun zai cuce shi ne?"

Da gaske yake tambayar. Yana jiran inda za a fito da takardun gida, ko a ga kawun yana waya a ɓoye, ko a kawo wata mata ta fara gallaza wa yaron. Da na ce masa babu wannan a ciki, sai ya ce, to ina labarin?

Maganar nan ta tsaya mini a rai har na kwana da ita. Abokina kansa kawu ne, 'ya'yan ƙanwarsa biyu a gidansa suke, shi yake biya musu kuɗin makaranta tun da ubansu ya rasu. Mutumin da yake wannan aikin kullum shi ne ya zauna gaban fim yana jiran a nuna masa kawu azzalumi. Wani ne ya koya masa wannan jiran, kuma ina ganin fina-finanmu ne.

Ra'ayina shi ne: masu shirya fim ɗin Hausa sun zalunci kawu da baffa. Sun ɗauki mutumin da a gidajenmu shi ne ke tsaya wa yaro idan uba ya faɗi, shi ne kuma yaro ke iya buɗe wa ciki idan kunya ta rufe bakin uba, sun mayar da shi ɓarawon gado. Tun Turmin Danya a 1990 zuwa yau an haura shekara talatin ana fim a Kano, kuma in ka cire 'yan kaɗan, da zarar an nuna gawa an nuna ƙanin mamaci yana gyara hula, mai kallo ya san abin da zai biyo baya. Lokaci ya yi da za a ba mu labarin kawun da ya riƙe yaro, a yi shi a tsanake, ba tare da an nemo wa labarin mugu ba.

Wanene kawu a gidanmu

Hausa ba ta da kalma guda ta kiran ɗan ɗan'uwa. Sai dai ka yi kwana-kwana ka ce ɗan yayana, ɗan ƙanwata, kuma ko hakan ma sai an matsa maka da tambaya. A bakin kowa "ɗana" ne. Idan ka ji mutum yana yawan cewa "ai ɗan wana ne", mutane za su ce yana nuna bambanci. Amma ta ɓangaren yaro kalmomin suna da yawa: baffa ko baba ƙarami ga ɗan'uwan uba, kawu ga ɗan'uwan uwa, wasu wuraren su ce rafani. Yaro ya san kowanne da irin zaman da ake yi da shi.

Baffa uba ne, da nauyinsa da kwarjininsa. Shi ke zuwa neman aure, shi ke karɓar sadaki, sau da yawa shi uba ke wakiltawa ya ɗaura wa 'yarsa aure alhali uban yana zaune a gefe. Kawu kuwa sassauci gare shi. Gidansa ne ake zuwa hutu, 'ya'yansa ne taubasai, abokan wasa da kuɗin shara. Idan yaro ya yi laifi a gida ya ji tsoron bulala, gidan kawu yake gudu, kawu ya rako shi ya ba da haƙuri.

Ga kuma al'adar kunyar ɗan fari, wadda har yanzu ba ta mutu ba a gidaje da yawa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, uba ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya wasa da shi. Al'adar da ta hana uba wannan ba ta bar yaron haka nan ba. Ta miƙa shi ga kakanni da gwaggo da kawu, su ne za su yi masa abin da iyayensa ke jin nauyin yi.

Ni ɗan fari ne. Ban taɓa jin mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kira sunana ba, kuma ban taɓa shakkar yana ƙaunata ba. Amma wanda ya fara tambayata me nake so in zama, ya kuma tsaya ya ji amsar, kawuna ne. Tela ne a Fagge. Duk hutun makaranta a shagonsa nake yini, ina tsince zare, ina kai ɗinki wurin mai aiki, ina riƙe masa bakin shadda yana yanka. Ranar da zai je Kantin Kwari saro yadi sai ya ɗora ni a bayan Vespa. A kan hanyar nan nake yi masa tambayoyin da ba zan iya yi a gida ba. Me ya sa Baba ba ya dariya da ni. Ko mutum yana jin zafi idan an binne shi. Wasu ya amsa, wasu ya yi shiru har mu wuce titi biyu, sannan ya ce, "Wannan sai mun tambayi malam." Kuma yana tambayar, ya dawo mini da amsa bayan ni har na manta.

Shi ya sa fim ɗin nan na Amurka bai yi mini baƙunta ba, duk da ba launi a cikinsa, baƙi da fari aka ɗauke shi, kuma garuruwan ban taɓa taka su ba. Joaquin Phoenix, wanda ya fito a kawun, yakan rataya wa yaron abin ɗaukar murya ya sa masa abin ji a kunne, su fita yana naɗar ƙarar teku da ta jirgin ƙasa. Abin da kawuna ya yi mini da almakashi da tef ɗin awo ke nan. Babba ya saka yaro cikin sana'arsa, hannu na aiki, baki ya saki.

"Ai akwai azzaluman"

Wannan ita ce hujja ta farko da za a kawo mini, kuma tana da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa zama a kotun shari'ar Musulunci ranar da ake sauraron ƙarar gado ya ga abin da zai hana shi barci. Mace da marayu a gefe guda, ƙannen mijinta a ɗaya gefen, gona an sayar, fili an ce ai na gandu ne. Na san gidan da aka yi haka. Ba na neman a daina nuna wannan, don Alƙur'ani da kansa bai ɓoye shi ba. A Suratun Nisa'i aya ta 10 aka ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikinsu.

Amma a duba gidan da ya fi kowane gida daraja. Abu Lahab baffan Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma kowa ya san abin da ya yi. Abu Ɗalib ma baffansa ne, uba ɗaya da Abu Lahab. Shi ya karɓe shi yana ɗan shekara takwas bayan rasuwar kakansa Abdulmuɗɗalib, ya tafi da shi fatauci Sham yana yaro, ya tsaya masa sama da shekara arba'in, har ya shiga takunkumin Ƙuraishawa tare da shi. Hamza baffansa ne, Abbas baffansa ne. A kan Abbas ɗin ne ya ce baffan mutum tamkar mahaifinsa ne, kuma kalmar da ya yi amfani da ita a Larabci ita ake faɗa wa dabino biyu da suka tsiro daga tushe ɗaya. Idan gida ɗaya ya fitar da waɗannan duka, marubucin da kullum ɗaya tak yake ɗauka ya rubuta bai gaya mana gaskiyar gida ba.

Akwai ma wani kuskure da ake yawan tafkawa a allo, wanda ɗalibin islamiyya zai gane. A rabon gado, idan mamaci ya bar ɗa namiji, 'yan'uwan mamacin ba su da ko sisi, ɗan ya katange su. Kawu kuwa, wato ɗan'uwan matar, ba shi da wata alaƙa da dukiyar mijin 'yar'uwarsa tun asali. Duk kawun da ka ga ya kwashi 'ya'yan ƙanwarsa ya kai gidansa, ya kwashi ɗawainiya ce zalla: ƙarin kwanon tuwo, ƙarin kuɗin makaranta, ƙarin magana da matarsa. Ba abin da zai ci. Irin waɗannan mutanen suna cikin kowace unguwa, kuma da wuya ka ga an nuna su a fim.

Kuma abin da ake nunawa yana aiki a zukata. Bazawarar da ta sha kallon irin waɗannan fina-finai tana shiga takaba da zargin ƙanin mijinta tun bai buɗe baki ba. Shi kuma mai niyyar alheri sai ya ja baya, ya ce kada a ce ina neman wani abu. A tsakani yaron ne ya rasa.

"Ba zai sayu ba"

Hujja ta biyu ta 'yan kasuwa ce. Fim ba soyayya, ba waƙa, ba mugu, wa zai kalla? Mai zuba kuɗi ba sadaka ya zo yi ba, na yarda. Na kuma yarda son labarin mugun dangi ba Kannywood ce ta ƙirƙiro shi ba, tun a tatsuniya muka taso da marainiya da kishiyar uwa.

Sai dai masu wannan maganar sun ɗauka idan babu mugu babu rikici. Wanda ya taɓa riƙon yaro kwana uku ya san ba haka ba ne. A fim ɗin da muka kalla, yaron ba shi da sauƙi ko kaɗan. Yana da wani wasa da yake yi, ya mayar da kansa maraya ya zo yana neman wurin kwana. Yana ɓacewa a cikin kanti. Yana tambayar kawun me ya sa bai yi aure ba, me ya haɗa shi da mahaifiyarsa. Ranar da za a mayar da shi gida ya shige banɗaki ya kulle kansa. Shi kuma kawun yana gajiya, yana yin tsawa, yana kiran 'yar'uwarsa a waya ya ce ya kasa. Ba wanda ke nufin wani da sharri, amma ba ka iya ɗauke ido.

A ɗauko wannan a ajiye a Kano ko Zinder a gani in labari zai yi ƙaranci. Direban tirela da ke Kano zuwa Legas, an kawo masa ɗan ƙanwarsa saboda uwar tana jinya a asibiti, ba wanda zai bar wa shi, dole ya sa shi a gaban mota. Ko malamin firamare da bai yi aure ba, yana haya ɗaki ɗaya, aka ajiye masa yaro mai fitsarin kwance. Ko ɗan kasuwar da matarsa ba ta so riƙon ba, ita ma kuma tana da gaskiyarta, don ba a yi shawara da ita ba. Ko yaron da ya san ubansa ba shi da lafiyar ƙwaƙwalwa, gida kowa na ce masa ya yi tafiya, shi kuma ya ji 'yan unguwa na faɗin wata kalma. Wa zai gaya masa gaskiya, kuma da wane baki? Wannan kaɗai ya isa zango guda.

Yanzu ma an fi samun dama. Da, lokacin kaset da faifai, sai an cusa komai cikin 'yan awoyi. Yau fim mai dogon zango ake yi, kashi-kashi duk mako a YouTube da tashoshin talabijin, mutane na bin labari shekara guda har biyu. Wanda ke da wannan filin ba zai ce ba shi da lokacin nuna yadda babba da yaro ke sabawa da juna ba. Kuma kuɗin da za a kashe bai kai na fim ɗin da ake hayar gidan alfarma da jerin motoci ba. Shago ɗaya, babur ɗaya, tsakar gida. Abin da zai yi wuya shi ne samun yaron da ya iya, da daraktan da zai yi haƙuri da shi ya bar shi ya yi magana irin ta yara. Yaranmu na fim yawanci haddar maganar manya ake ba su, su tsaya ƙiƙam su karanto, sai ka ji ɗan shekara bakwai yana wa'azi kamar limami.

"Tarbiyyar Turawa ce"

Wannan ce hujjar da na fi ɗauka da muhimmanci, don abokina da kansa ya kawo ta. Akwai inda kawun ya daka wa yaron tsawa bayan ya ɓace masa a titi, daga baya uwar ta sa shi ya je ya ba yaron haƙuri. Abokina ya ce wannan kam ba namu ba ne, babba ba ya ba yaro haƙuri, kuma yaron ma bakinsa ya yi yawa.

Rabin maganarsa gaskiya ce. Ba na son a kwafo mana yaron da ke kiran kawunsa da sunansa gatsal, yana katse shi yana magana. Kwafe-kwafen nan ne ma ya kai mu inda muke, an daɗe ana ɗauko labarin Indiya ana sa masa hula. Fim ɗin can na Amurka ne, matsalarsa ta Amurka ce: mace ɗaya da yaro ɗaya a gida, miji ya kwanta, ba kaka ba gwaggo ba maƙwabciya, sai ɗan'uwan da ke can wani birni. Mu gidanmu a cike yake. Tamu matsalar ita ce yaro na iya zama cikin mutum ashirin, kowa na aikensa, ba wanda ya taɓa tambayarsa me ke damunsa.

Amma cewa babba ba ya sauko wa yaro, wannan ban yarda ba. Muna da hanyoyinmu. Kawuna ya taɓa marina a kan wani yadi da na ɓata da man keke, daga baya ya gane yaron shagon ne ya yi. Bai ce "yi haƙuri" ba. Da yamma ya rufe shago da wuri, ya kai ni wurin mai tsire, ya zauna yana kallona ina ci, sannan ya ce, "Ɗazu ba kai ba ne, na gane." Shi ke nan. Ni na san me aka yi, shi ma ya sani. Marubucin da ya san Hausawa zai iya rubuta wannan, kuma duk wanda ya kalla zai tuna da wani nasa.

Tarihinmu ma yana da irin wannan. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a hannun 'yan'uwan iyayensa ya yi karatu mai yawa. Ya lazimci Usmanu Binduri kusan shekara biyu har ya ɗauki ɗabi'unsa, ya kuma karanci Sahihul Bukhari a wurin Muhammadu ɗan Raji. Ɗansa Muhammadu Bello ya yi karatu a wurin baffansa Abdullahi. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, zumunci ya yi sanyi tsakanin Sakkwato da Gwandu. Sai da mutanen Kalambaina suka tayar wa Abdullahi, Bello ya taho da runduna ya taimaki baffansa. An ruwaito cewa da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yunƙura zai sauka daga kan doki don girmama baffansa kuma malaminsa, sai Abdullahi ya yi masa nuni ya zauna, shi ya sunkuya ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. Babba ne ya sauko wa ɗan da ya koyar, a gaban runduna, kuma ba wanda ya ce girmansa ya ragu.

Akwai wani tsoro da wasu iyaye mata za su ambata, kuma ba zan tsallake shi ba: ba kowane namiji na gida ake sakin jiki a bar masa yaro ba, an sha jin abin da ba shi da daɗin faɗa. Gaskiya ne, a sa ido. Amma yaron da ke da babban da ya saba gaya wa damuwarsa shi ne ke saurin faɗa idan wani ya taɓa shi. Wanda ba ya magana da kowa shi ake cuta shekara da shekaru.

Daga ƙarshe dai abokina ya kalli fim ɗin har ya ƙare, bai ƙara cewa komai ba. Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa, sai ga babban ɗan ƙanwar tasa, ɗan aji biyar, ya dawo daga sayo kati. Ya miƙa canji zai shige. Abokina ya riƙe hannunsa ya ce, "Kai, gobe Asabar ba makaranta ko? Shirya da wuri, tare za mu fita kasuwa."

Yaron ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce, "Kawu, aike ne?"

Ya ce, "A'a, rakiya."